Janbakin da Ba Ya Fita da Ruwa

Talata, 5 ga Agusta, 4:20 na yamma

Na shafa shi. Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Jiya ya iso daga Sakkwato, cikin ƙunshin da ƙanwata Safa ta ba direba. Tun da ta shiga makaranta take sayar da kayan kwalliya ta waya. Ashe mijina ne ya sa ta aiko. Zakariyya. A littafin nan kaɗai nake samun rubuta sunan, a tsakar gida kuwa, gaban iyayensa, "shi" ne kawai. Wai ya gaji da ganina ina tsayar da fim ɗin Koriya ina buɗa bakin 'yan matan da yatsu biyu. "Ga irin nasu nan," in ji shi. "Saura ki koyi kuka ba majina."

Kwalbar ba ta fi ɗan yatsana ba. Rubutun jikinta da'ira ne da 'yan sanduna, lamba bakwai kaɗai na iya karantawa. Ba na murzawa ba ne irin namu na kasuwa, ruwa-ruwa ne, da ɗan tsinke mai soso a kai. Safa ta ce ɗigo uku a tsakiyar leɓe, a baza da yatsa, kada a haɗa baki sai ya bushe. Na yi haka, na tsaya gaban madubi baki buɗe kamar kaza da rana tsaka.

Kafin in ƙirga sittin ya bushe. Ba maiƙo, ba sheƙi, launin busasshen zoɓo. Na sha ruwa, bai taɓa kofi ba. Na goga bayan hannu, ba komai. Wallahi ya yi mini kyau, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai takarda.

Da sassafe ya fita a babur, wani ƙauye bayan Zugu, fanfon burtsatsensu ya mutu mako biyu ke nan. Inna, mahaifiyarsa, ta ce ya bari a yanke gero tukuna, hanya ta yi duhu. Ya ce, "Inna, ruwan tabki suka sha, ɗiyansu na ta zawo. Aikin awa biyu na." A bakin zaure ya juyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ki shahwa da la'asar in iske shi. Kahin magariba ina gida."

Na ɗora tuwon shinkafa.

Talata, bayan isha'i

Tuwo ya huce. Wayarsa ba ta shiga. Ai can dama ba sabis.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar

Janbakin ba ya fita.

Da asuba Faruk, wansa, ya fita neman labari. Da hantsi ya dawo, ya ce 'yan bindiga sun afka wa wajen jiya da rana, ba wanda ya san su wa da wa abin ya rutsa da su. Bai rufe baki ba mata suka fara shigowa jaje. Na ɗauki buta na ruga bayan ɗaki. Ruwa, sabulu, sabulun salo, har toka na gurza. Leɓena ya kumbura, ja ya ƙara fitowa. Na kira Safa, ba ta shiga.

Haka na fito na zauna a tabarma kusa da Inna, da bakin amarya. Kowace ta shigo sai ta ce, "Ya munka ji da wanga abu," idonta kuwa a bakina. Na ja mayafi na rufe, sai ya zama kamar dariya nake ɓoyewa. Na sake shi.

Wata tsohuwa ta ce, "Allah shi jiƙ..." sai ta haɗiye, ta ce, "Allah shi bayyana shi." Na ji rabin farkon.

Alhamis, 7 ga Agusta, 10 na safe

Hindu, yayarsa, ta iso daga Bukkuyum. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta barin kowa ya manta. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta tsaya a kaina.

"Ke Surayya, biki aka yi gidan ga?"

Na ce ba ya fita da ruwa.

"Komi na hita in mutum na son shi hita."

A gaban mata shida ta faɗa. Na ƙirga su, kuma na riƙe fuskar kowace.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ya fara koɗewa daga ciki. Gefe ya rage, kamar an zana.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ya fita tas don kansa. Hindu ta dube ni a bakin madafa ta ce, "Yawwa. Yanzu kin yi kama da matar da..." Ba ta ƙarasa ba.

Na shiga ɗaki na duba madubi, na ga matar da take nufi. Baki fari, ido a ciki, saura a miƙo mata tsohon zane a kwance mata kitso. Har sun gama da shi a zuciyarsu, ni kaɗai suke jira in yi kama da abin.

Na buɗe kwalba. Ɗigo uku.

Ya ce in shafa da la'asar ya iske shi. Bai ce wace la'asar ba. Ni ba mai takaba ba ce. Wanda ya gani da idonsa ya zo ya faɗa a gabana, kafin nan kuwa matar aure ce ni, kuma bakina nawa ne.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Kowa a Gummi ya san yadda abin yake tafiya. In sun tafi da mutum, kwana biyu ko uku waya take biyo baya. Gida biyu a garin nan an kira su tun ranar Juma'a. An ce matar ɗayan da ta ɗauka, zaginta aka yi ta uwa ta uba kafin a ba ta muryar mijinta. Mutane suna ta tausaya mata. Ni hassadarta nake yi, Allah ya gani. Da za a kira ni a zage ni, da na ce na gode.

Wayata tana cikin rigata ko banɗaki zan shiga. Ɗazu ta yi ƙara, na kusa kifar da tukunya. Saƙon kamfanin waya ne, wai in zaɓi waƙar da mai kirana zai riƙa ji.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Hindu ta kai ƙarata wurin Malam, mahaifinsu. Wai abin da nake shafawa yana tare ruwa, alwalata ba ta yi, sallata ba ta yi, ina zaune cikin gidan malamai ba salla alhali addu'a ake nema.

Shekara ɗaya da rabi a gidan nan, maganar da ta taɓa haɗa ni da Malam ba ta wuce "ina kwana" ba. Na durƙusa bayan ƙyauren zaure. Bai dubi wajena ba. Ya ce in ɗiga a bayan hannuna, in bari ya bushe, in wanke, sannan in karce da farce. In wani abu ya ɓamɓaro, yana da jiki. Na yi duka a gaban Hindu. Ba abin da ya ɓamɓaro, sai tabon ja.

"Launi na, awa lalle," in ji Malam. "Alwalatta ta yi."

Hindu ta ce, "Baba, ba alwala ɗai ba. Kunya hwa?"

Malam ya ce, "Matar aure ta. Ban ga wanda yaz zaka yac ce ba matar aure ta ba." A kalmar ƙarshe muryarsa ta karye. Ya rufe littafin da ke gabansa, ya sallami masu ɗaukar karatu tun lokaci bai yi ba.

Na ci shari'a, kuma ban ji daɗin komai ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, da safe

Tun ranar Inna ba ta cin abinci, sai ruwa da ɓarin goro. Hindu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, a banza. Yau ni na kai mata kunu. Ta daɗe tana kallon bakina. Na shirya jin magana. Sai ta miƙo hannu ta karɓi kofin, ta sha rabi.

Lahadi, 17 ga Agusta, da safe

Jiya na gaji, ban sabunta ba, ya koɗe. Na kai wa Inna kunu, ta dube ni, ba ta miƙo hannu ba.

"Ya ƙare?" ta ce.

"Mi, Inna?"

Ta taɓa nata leɓen da yatsa.

Na ajiye kofin, na koma ɗaki, ɗigo uku, na tsaya baki buɗe har ya bushe, na dawo. Ta shanye kunun tas. Ta miƙo mini kofin. Tsohuwar da ko kwalli ba ta yarda 'ya'yanta su sa in za su kasuwa.

Yanzu ba don kaina kaɗai nake shafawa ba. Ban san ko in gode ko in ji haushi ba. Ni ma ina so in sami fuskar da zan duba da safe in ci abinci, ba ni da ita.

Litinin, 18 ga Agusta, 2 na rana

Safa ta kira. Ta yi kukanta, na jira ta gama. Da na ba ta labarin toka sai ta ce, "Wayyo Yaya, ai mai ka ɗebe shi! Man gyaɗa ko man shanu, ga auduga. Da kin kira ni!" Na ce sau goma sha ɗaya na kira.

Har za mu yi sallama sai ta ce in yi haƙuri, masu saye ne ke ta tambayarta ko yana daɗewa, ita kuma ba ta gwada ba. Yarinya ce, ban ga laifinta ba. Na ce ta gaya musu yana kwana uku, ko ana kuka.

Zancen man ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Innarmu, wadda ta haife ni, ta aiko daga Anka wai in je gida in huta kwana biyu. In ya dawo ya iske ɗaki a kulle fa?

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan an ɗauke ruwa

Wani baƙo ya yi sallama a zaure, da ƙarfi, da fara'a. "Mai gyaran hwanho na nan?" Bai san komai ba, daga wani ƙauye aka kwatanta masa gidan. Na ji Faruk ya yi gyaran murya ya ce, "Ya yi tahiya." Mutumin ya ce, "To, in ya dawo a ce mai na zaka. Ni dawo wani mako."

In ya dawo. Haka kawai ya faɗa, kamar mai zancen wanda ya tafi kasuwa. Ban ga fuskarsa ba, amma na fi ƙaunarsa da duk masu jajen da suka cinye mana goro mako biyu.

Asabar, 23 ga Agusta, da azahar

Abin da ba a faɗa a kan janbakin nan shi ne yana shanye ruwan baki. Mara sheƙi ne, ba mai a cikinsa ko kaɗan, kullum-kullum kuma ba a yi shi don haka ba. Leɓena ya tsage gida uku. In na ɗiga, zafi har cikin ido. Jinin da launin duk ɗaya ne, ba mai ganewa.

Na je madafa ɗaukar wuta na ji Hindu a ciki, ita kaɗai, tana kuka cikin zane don kada a ji, tana kiran sunan da take kiransa da shi yana goye. Ban shiga ba. Ban yafe mata ba, amma na bar mata madafar.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

Masu jaje sun daina zuwa. Magana ce ke zuwa a madadinsu. Saude, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta katanga don ta "ba ni shawara". Wai ana cewa na riga na fara tallar kaina, wai akwai wanda nake yi wa. Na ce, "Akwai." Ta buɗe ido, ta matso. Na ce, "Ki je ki ce musu akwai, kuma ya biya sadaki."

Da ta tafi na koma ɗaki. Mata nawa ne a unguwar nan suka ci tuwon bikina? Ba wadda ta zo ta tambaye ni ko ina barci.

Talata, 26 ga Agusta, la'asar

Mako uku. Tsinken ya fara karce gindin kwalba. Ɗigo biyu yanzu.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Faruk ya tafi Anka. An ce mutanen ƙauyen sun watse tun ranar, wasunsu suna zaune a wata makaranta a can. Ya karɓi hoton da ke wayata, na ranar Salla, mai hular da ba ta zauna masa ba. Na so in ce ya kai wani, wannan bai yi kyau ba. Sai na tuna ba neman aure za a je ba.

Inna ta sha kunu.

Alhamis, 28 ga Agusta, 5 na yamma

Faruk ya dawo da wani dattijo, Makau sunansa. Sun daɗe a zaure da Malam. Dattijon yana rungume da wani abu a cikin buhu. Ta tsagar ƙyaure na ga ya zaro shi. Jakar kayan aiki ce. Maratayin ya taɓa tsinkewa, ni na ɗinke shi da koren zare don baƙi ya ƙare mini.

Na ji abin da Malam ya karanta, na ji sauran maza sun amsa.

Ba zan rubuta ba.

An ce fanfon ya tashi. Ya gama gyaran, ruwa ya zo, yara sun sha.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Yau masu shigowa ba sa haɗiye rabin addu'ar. Har ƙarshe suke kai ta.

Faruk ne ya durƙusa a bakin ƙofata ya faɗa mini, kansa a ƙasa. Mutanen ƙauyen ba su san sunansa ba, "mai gyara na Gummi" kawai suke ce masa, shi ya sa ba su san inda za su aika ba. Makau da mutum biyar ne suka yi masa sutura a bayan masallacinsu, cikin gaggawa, kafin su gudu. Makau ya ɗauko jakar, ya yi ta yawo da ita mako uku, ya ƙi sayar da ko sifana ɗaya. Na ce wace rana. Ya ce ranar. Na ce da wane lokaci. Ya ce, "Surayya, mi za ki yi da lokaci?" Na ce ya faɗa mini. Ya ce, "Makau yac ce kahin la'asar sun gama rufewa."

Na jawo littafin nan na buɗe shafin farko. Da hannuna na rubuta, 4:20. Ina tsaye gaban madubi baki buɗe, ina ƙirga sittin, ina cewa ya yi mini kyau.

Da hantsi Malam ya aiko a kira ni bayan ƙyaure. Ya ce wata huɗu da kwana goma, na sani. Abin da ban sani ba, wai ba daga ranar da labari ya zo ake ƙirgawa ba, daga ranar da abin ya faru ne. "Kwana ashirin da huɗu sun wuce ciki," in ji shi. "Abin da kinka shahwa ba laihi gare ki, ɗiyata. Ba ki sani ba."

Ba laifi nake tambaya ba.

Wato duk ranar da na tsaya na ce ni ba mai takaba ba ce, a cikinta nake. Ranar toka, ranar shari'ar alwala, ranar da na ce wa Saude akwai wanda nake yi wa. Takaba nake yi masa da janbakin Koriya.

Hindu ta shigo da kwalla tana tattara kwallina da turarena da 'yan kunne. Yau a hankali take yi, ba ta dube ni ba. Tana so ta ce wani abu mai daɗi, sai ta ce, "Ko ba komi an rage maki kwana ashirin da huɗu." Na ce wa ya ce ina son ragi? Abin da ya rage in yi masa ke nan a duniya, shi ma an yanke mini kusan wata ba a tambaye ni ba. Ta ɗauki 'yar kwalbar, ta juya ta, ta rasa inda za ta sa. Ta mayar inda take ta fita.

Bayan ta fita Inna ta shigo. Tun da aka kawo ni ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba. Tana riƙe da ƙaramin ƙoƙo, da man shanu a ciki. Ta zauna a bakin gado, ta ce in matso. Ta lakata da gefen zanenta, ta riƙe haɓata, ta fara gogewa a hankali, tana kauce wa inda ya tsage. Ja yana fita a zanen kamar ba shi ne ya gagari toka ba.

Na ce, "Inna, Safa tah hwaɗa maki?"

Ta ce, "Wace Safa? Tun ran Larabar hwarko nis san mai na ɗebe shi. Ina kallonki kina gurza da toka, ban hwaɗa maki ba."

"Don mi, Inna?"

Ta gama goge gefen, ta duba ko ya rage, ta naɗe bakin zanen ta ƙulle jan a ciki.

"In kin goge, mi za ni duba da sahe?"

Asabar, 30 ga Agusta, da safe

Na kai wa Inna kunu. Ta karɓa, ba ta ɗago ta dube ni ba.

Su suna ƙirga ashirin da biyar. Ni na rubuta ɗaya.